Me Ya Sa Fim ɗin Ban Tsoro Mai Arha Yake Cika Silima?

Idan za a auna riba a harkar fim, a dubi abin da mutum ya zuba da abin da ya kwasa, masu finafinan jiragen yaƙi da rushe-rushen birane ba su ne a gaba ba. Masu fim ɗin ban tsoro ne, kuma a cikinsu ma waɗanda suka fi ƙarancin jari. Wani mai rubuta manhajar kwamfuta a Amurka, Oren Peli, ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba. Mutum biyu ne a ɗaki suna barci, kyamara na tsaye tana kallonsu, can cikin dare sai ƙofa ta ɗan motsa. Da fim ɗin ya shiga gidajen silima a 2009, sai da ya tara sama da dala miliyan 190. Shekara 10 kafin nan, The Blair Witch Project, wanda aka ɗauka da kusan dala 60,000, ya kawo kimanin dala miliyan 248.

Da sau ɗaya abin ya faru da sai a ce sa'a ce. To an ga haka a 1968 da Night of the Living Dead na George Romero, wanda aka kashe wa dala 114,000. An sake gani a 1978 da Halloween na John Carpenter, a 2004 da Saw, a 2017 da Get Out. A watan Oktoba na 2024, Terrifier 3, fim ɗin dala miliyan 2, ya hau kan teburin kasuwar Amurka, ya ture kashi na biyu na Joker wanda aka kashe wa kusan dala miliyan 200. Abin da ke maimaita kansa fiye da shekara 50 yana da dalili, kuma dalilin ya shafe mu a nan Sakkwato fiye da yadda muke zato.

Ga yadda nake ganin lamarin. Fim ɗin yaƙi sai an sayi yaƙin: sojoji, motoci, wuta, hayaƙi. Fim ɗin soyayya sai an biya fuskar da mutane ke so su gani, a ɗinka kaya, a nemi gida mai kyau. Shi kuwa tsoro, mai kallo ne yake zuwa da shi daga gida. Yana cikinsa tun yana yaro, tun ranar da aka aike shi bayan gida da dare ya tafi yana waige-waige. Aikin mai fim kawai ya taɓo wurin. Kuma babu abin da ke taɓo shi kamar abin da ba a gani ba.

A nan ne rashin kuɗi yake zama alheri ga mai basira. Wanda ba shi da kuɗin ƙera dodo, dole ya ɓoye dodon. Ya sa shi a bayan labule, ko a ƙarshen lungu inda hasken fitila bai kai ba, ko ma ya bar shi a waje a riƙa jin takunsa kawai. Tun daga farkon The Blair Witch Project har ƙarshensa ba a nuna mayyar da labarin yake a kanta ba ko sau ɗaya. 'Yan wasa uku aka ba kyamara aka tura su daji a jihar Maryland na kwana 8, ana bar musu takardar abin da za su yi a wurare daban-daban, ana rage musu abinci, da dare kuma masu shirin su zagayo tantinsu suna yin ƙara. Gajiyar da ke fuskarsu ta gaske ce, kuma mai kallo yana gane haka. Fuskar makashin Halloween, wadda duniya ta sani yau, abin rufe fuska ne na wasa da aka saya ƙasa da dala 2, aka shafa masa farin fenti, aka faɗaɗa ramukan ido. Fuska ce da ba ta fushi, ba ta dariya, ba ta cewa komai, saboda haka kowa yake zuba mata abin da shi yake tsoro. Kiɗan ma Carpenter ne ya yi abinsa da kansa, 'yan sautuka kaɗan masu maimaita juna.

Hatta masu kuɗin sun koyi wannan darasi ne ta hanyar matsala. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku. Ala tilas ya rage nuna shi, ya koma nuna ruwa da ƙafafun masu iyo da kiɗa. Wannan ɓoyewar ce ta sa fim ɗin ya razana mutane.

Mu kuwa ai ba sai an koya mana ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake yin tatsuniya, ya tuna yadda kaka take kawo Dodo. Ba ta taɓa tsayawa ta lissafa tsawonsa ko yawan haƙoransa. Murya take sauyawa, ta ja numfashi, ta yi shiru kaɗan, sai ka ga yara sun matso jikin juna. Yaro goma a tabarma ɗaya, Dodo goma ne a zukatansu, ko wanne daidai da tsoron mai shi. Kuma dole sai da dare, don an ce mai yin tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Kakanninmu sun san duhu rabin labarin ne, kuma duhu kyauta ne. Mai fim mai arha yana tsaye ne a inda kaka take zaune.

Akwai wata riba da rashin kuɗi ke kawowa wadda ba a cika lura da ita ba, wato baƙuwar fuska. Idan ka ga Ali Nuhu ko Shah Rukh Khan a farkon fim, hankalinka a kwance yake, ka san ba za a kashe shi a minti na 20 ba. An biya shi kuɗi da yawa, sai ya kai ƙarshe. Amma idan duka fuskokin baƙi ne, ba ka san wa zai tsira ba, kuma sun yi kama da maƙwabtanka. Haka shi ma hoton da bai da tsabta sosai, mai ɗan rawa, mai duhu-duhu. Idonmu ya saba da cewa hoto mai ƙyalli shiri ne, hoto mai rawa kuwa irin wanda ake turowa ta WhatsApp ne a ce ga abin da ya faru jiya. Sai zuciya ta ɗan yarda, ko da hankali ya san wasa ne.

To me ya sa mutum zai cire kuɗinsa ya biya don a tsorata shi? Amsar tana cikin jiki. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda aikinsa gano haɗari, kuma yana riga tunani motsawa. Da ya ji ƙara ba zato, sai jiki ya saki sinadarin adrenalin, zuciya ta buga da sauri, tafin hannu ya yi gumi, tsikar jiki ta tashi. Bayan ɗan lokaci sai hankali ya iso ya ce ai a kan benci kake zaune, babu abin da zai same ka. Amma wancan tashin da jiki ya yi ba ya sauka nan take. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Dolf Zillmann, ya yi bayani tun farkon shekarun 1970 cewa ragowar wannan tashi yana zubawa cikin abin da mutum ya ji daga baya, ya ƙara masa ƙarfi. Shi ya sa dariyar da ke biyo bayan firgita take fin kowace dariya daɗi. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun ɗaura wa mutane na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasan ban tsoro, suka gano cewa daɗin yana tsakiya ne: idan tsoron ya yi kaɗan mutum ya gaji, idan ya yi yawa daɗin ya gudu.

Sai batun taro, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Tsoro yana yaɗuwa. Mutum ɗaya ya zabura, na kusa da shi ya zabura don ya zabura, kafin ka ankara layi gaba ɗaya ya motsa, sai kuma kowa ya fashe da dariya yana tsokanar ɗan'uwansa. Wannan ne abin da silima ke sayarwa wanda waya ba ta da shi. A waya, da abin ya yi zafi sai ka danna ka tsayar, ko ka ja gaba, ko saƙo ya shigo ya raba maka hankali. A silima ba ka da iko da komai. An kashe fitila, allon ya fi ka girma, sautin yana zuwa ta bayanka, kuma kunyar idon jama'a ba za ta bar ka ka tashi ka fita ba.

Matasan Sakkwato akasarinsu ba a silima mai kujerun alfarma suke kallo ba. A waya ne, daga wurin masu tura finafinai, ko a gidajen kallo na unguwa, irin waɗanda ake cika su ranar ƙwallo a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo. Amma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ranar da aka sa fim ɗin tsoro, musamman wanda aka fassara da Hausa, ya san abin da nake nufi. Ba a yin shiru. Da jarumi ya nufi ɗakin da ake jin motsi, sai ka ji wani daga baya ya ce, "Kai wanga yaro, mi kaka nema ciki?" Wani ya ce, "Waiwaya mana!" Wani kuma yana ta a'uziyya a hankali yana nuna kamar ba shi ba. Samari suna gwada jarumta a gaban juna, kowa na satar kallon wanda zai fara rufe ido. Fim ɗin ya zama rabin abin da aka zo yi, rabin kuma su ne kansu. Tsofaffin gidajen silima na Arewa, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, yawancinsu ba su da rufi, sai duhu ya yi ake haska fim, ga taurari a sama. Dattawan da suka yi zamaninsu sun san finafinan Indiya na macizai da fatalwa, kuma a can Indiyan ma masu ƙaramin jari ne suka riƙe wannan fage: 'yan gidan Ramsay, 'yan'uwa bakwai da suka raba aikin fim a tsakaninsu, wannan na ɗaukar hoto, wancan na kula da sauti, suka yi ta fitar da finafinan tsoro masu arha tun daga 1972.

Ta fuskar kasuwa lissafin a fili yake. Kamfanin Blumhouse na Jason Blum ya mayar da abin tsari: a ba darakta kuɗi kaɗan, 'yan wasa su karɓi abu kaɗan a farko da alƙawarin kaso idan an ci riba, a bar shi ya yi abin da ya ga dama. Idan finafinai da yawa suka faɗi, asarar ba ta karya kamfani, guda ɗaya da ya tashi sai ya biya na saura. Sannan masu kallon irin wannan fim matasa ne, su ne masu fita da dare a ƙungiya, kuma ba sunan jarumi suke bi ba, labarin da aboki ya ba su suke bi.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne 'yancin da yake bayarwa. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 dole ya faranta wa kowa rai, ba zai taɓa abin da zai ɓata wa wani ba. Mai arha kuwa yana iya faɗin abin da ke cin mutane a rai. Get Out na Jordan Peele, da dala miliyan 4.5, ya ɗauki fargabar da baƙar fata ke ji a cikin farare masu murmushi a Amurka ya mai da ita fim ɗin tsoro, ya tara dala miliyan 255, ya kuma ci kyautar Oscar ta rubutun labari. A nan gida, Living in Bondage na 1992, wanda ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya shirya da harshen Ibo a kaset ɗin bidiyo, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi ne, fatalwarta ta hana shi sakat. Ya fito ne shekara 6 bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da albashi ya daina isa, ana kuma ganin wasu suna kwana talakawa su tashi attajirai. Tambayar da kowa ke yi a ɓoye, ina wane ya samu kuɗinsa, ita fim ɗin ya amsa. Daga wannan fim mai arha ake ƙirga farkon Nollywood.

Wani zai ce, mutumin jihar da ake fama da 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, me zai yi da tsoron wasa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ɗaukar ta da wasa. Wanda aka kore shi daga ƙauyensa, ko aka ɗauke masa ɗan'uwa, ba shi ne mai neman a firgita shi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ya zauna ya kalla. Amma ga wanda ke zaune a birni yana jin labarin kullum, yana ɗauke da fargabar da ba ta da fuska kuma ba ta da ranar ƙarewa, akwai hutu a cikin tsoron da aka san iyakarsa. Awa ɗaya da rabi ne, za a ga abin, za a yi fama da shi, za a kunna fitila. Tatsuniya ma da ƙurungus take ƙarewa, kowa ya tashi ya kwanta.

Sai dai akwai bambanci babba tsakaninmu da mai kallo a Amurka ko Ingila, kuma duk mai son yin wannan sana'a a nan dole ya san shi. Da yawa daga cikinsu suna kallon aljani a fim a matsayin ƙirƙira, da sun fito sun bar shi a silima. Mu kuwa mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu, kuma kusan kowane gida yana da labarin wanda aka yi wa ruƙiyya. Saboda haka fim ɗin ya fi kama mu, kuma yana iya bin mutum har gida. Wannan ƙarfi ne ga mai fim, amma amana ce. Fim ɗin da ya nuna duk tsohuwa mai zaman kaɗaici a matsayin mayya yana ƙara itace a wutar da ta riga ta ƙona mutane na gaske, domin zargin maita ya raba zumunci, ya sa an tozarta bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Haka fim ɗin da ya mai da farfaɗiya ko taɓin hankali aikin iska tsantsa, yana iya sa iyali su jinkirta kai maras lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na Kware har ciwon ya yi nisa. Ga kuma zubar da jini da tsiraicin da ke cika wasu finafinan waje na wannan fanni, waɗanda yara ke samu a waya ba tare da kowa ya tace musu ba. Ni dai ban ga basira a yanka da daddatsa ba. Ƙyama daban, tsoro daban, kuma ƙyama ta fi sauƙin samarwa, shi ya sa malalacin darakta yake gudu wurinta.

Kada kuma a ɗauka duk mai arha yana cin kasuwa. Ɗaruruwa ake yi duk shekara waɗanda ba wanda ya san da su. Wasu daga cikin waɗanda suka yi suna ma, bayan an ɗauke su da ɗan kuɗi, manyan kamfanoni ne suka saye su suka kashe miliyoyi wajen talla.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda finafinanmu na Hausa kan yi idan sun taɓo aljanu ko matsafa. Sai a shafa wa ɗan wasa farar hoda, a ɗaura masa jan ƙyalle, a sa shi dariyar ƙeta da amsa-kuwwa, a zana wuta da kwamfuta tana fita daga idonsa, duk da rana tsaka. Wato wurin da ya kamata a ɓoye, nan ake bajewa, ana kwaikwayon masu kuɗi ba tare da kuɗinsu ba, mai kallo kuwa sai ya yi dariya tun kafin a tsorata shi. Alhali kayan aikin duk suna nan zube. Ga kangon gidan ƙasa a tsohon gari mai zaure cikin zaure. Ga tsohuwar tsamiya da aka hana yara zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Ga bakin gulbin Rima da asuba, ga hazon hunturu da ke shafe mutum a taku kaɗan, ga shirun da ke sauka a unguwa idan aka ɗauke wuta injina ba su tashi ba tukuna. Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar hoton. Inda ya kamata ɗan kuɗin ya tafi shi ne sauti da rubutun labari, sannan haƙurin barin kyamara ta tsaya a kan ƙofa ba tare da an buɗe ta ba.

Babban cikas ɗin yana bakin ƙofa ne. Ribar da na lissafa a sama duk ta tikiti ce: mutum ya tsaya a layi, ya biya, ya shiga, a raba kuɗin tsakanin mai silima da mai fim. Tun da bidiyo ya shiga gidaje, sannan tsofaffin gidajen silima na Arewa suka yi ta rufewa, wannan hanya ta toshe a wurinmu. Yau fim yana fita ne, washegari yana wayar kowa ta hannun masu turawa, wanda ya zuba jarinsa kuma ya koma jiran abin da YouTube zai ba shi. Wannan ne ya sa masu shirya fim suka karkata ga dogayen shirye-shirye masu kashi-kashi, waɗanda ake kallo ana hira ana cin abinci, irin kallon da fim ɗin tsoro ba ya rayuwa da shi. Matashin Sakkwato da ke son gwada wannan fage, sai ya fara tunanin ɗakin da zai haska kafin ya yi tunanin kyamara: zauren taro, ko ɗakin lacca na ɗalibai, ko yarjejeniya da masu gidajen kallo a daren da babu ƙwallo, da izinin hukuma, da wurin zaman mata daban, da ƙa'idar shekarun masu shiga, kuma fim ɗin ya zagaya unguwanni ana karɓar kuɗin ƙofa kafin a sake shi a intanet.